Yadda Ake Haɗa Kan Malamai da Ma'aikatan Makaranta a Kan Ci Gaban Ɗalibi

Masu ƙananan makarantu da shugabanninsu a unguwannin Hausawa na Legas, daga Agege zuwa Mile 12 da Idi-Araba, sun sha tambayata yadda ake sa malamai su yi aiki tare da zuciya ɗaya. Da yawansu sun gwada nasiha a taron farkon zango, wasu har sun rubuta "hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka" a bangon ɗakin malamai, amma bayan mako biyu kowa ya koma ajinsa ya ja ƙofa. Abin da na gani a shekarun da na yi ina mataimakin shugaban makaranta shi ne, malamai ba sa haɗa kai don kawai an ce su haɗa. Suna haɗa kai ne idan aka ajiye musu yaro guda a gabansu, da sunansa da matsalarsa, sannan aka tambaya wa zai yi me kafin mako mai zuwa. A kan wannan na gina matakan da ke ƙasa, kuma a bi su yadda suka zo, domin wanda ya tsallake na farko ya fara daga na huɗu wahalar banza zai sha.

Kayan da ake buƙata ba su da yawa: babban littafi mai kauri guda ɗaya na rubuta abin da aka yanke, takarda ɗaya ga kowane yaron da za a bi lamarinsa, fayil da za a kulle a ofis, rajistar kowane aji, takardun makin gwaji, agogon bango, da waya ɗaya ta makaranta mai kati da data. Kuɗin da zai riƙa fita duk mako bai wuce na katin waya da ruwan leda ba. Abin da ya fi tsada shi ne minti 30 na lokacin malamai da za su riƙa zama duk mako a kan lamarin yaran, kuma shi ne mai makaranta ya fi ƙyashin bayarwa.

1. Mai makaranta ya fara gyara nasa ɓangaren

Kafin a kira kowane zama, mai makaranta ya zauna shi kaɗai ya duba abu uku: ko albashi yana fita a ranar da aka yi alkawari, ko kowane malami ya san aikinsa a rubuce, da kuma ko akwai wanda ake fifitawa saboda zumunci. Malamin da ke bin makaranta albashin wata biyu, ga kuɗin motar haya ta danfo yana cin rabin abin da ke aljihunsa, ba zai ji maganar kyakkyawar zuciya da kunnen arziki ba. Gwamnatin jihar Legas ta sanar da naira 85,000 a matsayin mafi ƙarancin albashin ma'aikatanta a shekarar 2024, kuma malaman makarantu masu zaman kansu sun san wannan adadi sarai, da shi suke auna abin da ake ba su. Idan makaranta ba ta da ƙarfin kaiwa nan, to ta riƙe gaskiya a kan abin da take iyawa: a faɗi ranar biya, a cika ta, idan kuma za a yi jinkiri saboda iyaye ba su kawo kuɗin makaranta ba, a sanar da mutane tun kafin ranar ta zo.

Gargaɗi: idan ƙanen mai makaranta ko matarsa suna cikin ma'aikata, dokar makara da ta fashi ta hau kansu kamar yadda ta hau kan kowa. Ranar da aka ga an ɗauke musu kai, duk sauran matakan sun mutu.

2. A rubuta sunan duk babban da yaro ke gani a makaranta

A ɗauki takarda a jera kowa: malaman boko, malaman Islamiyya, akawu, maigadi, mai shara, mai sayar da abincin tara, direban bas idan akwai. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a tsaya a kan masu riƙe alli. Maigadi ne ya san yaron da ke zuwa ƙarfe tara kullum da kuma wanda wani baƙon mutum ke jira a bakin ƙofa lokacin tashi. Mai abinci ce ta san yarinyar da ta yi kwana huɗu tana tsayawa daga nesa tana kallon tukunya ba ta sayi komai ba. Waɗannan ba sai sun zauna a kowane zama ba, amma a gaya musu a fili cewa ana son abin da idonsu ya gani, kuma a nuna musu mutum ɗaya da za su riƙa kai wa magana. A kira su da girmamawa a gaban yara, Baba maigadi, Iya mai abinci, domin yadda malamai suka ɗauke su haka yara za su ɗauke su.

3. A tsayar da rana, lokaci da harshe

Zaman na mako-mako ne, minti 30, a rana ɗaya da ba ta canzawa. A Legas kada a sa shi bayan tashi. Malamar da za ta koma Ikorodu ko Sango ta san cewa jinkirin rabin awa a makaranta yana iya zama awa biyu a cikin cunkoso, don haka jikinta zai zauna a kujera, hankalinta yana tashar mota. Abin da ya fi yi mana aiki shi ne safiyar Laraba, a tsawaita taron safe na yara, malamai biyu su tsaya a kansu bisa karɓa-karɓa, sauran su shiga ɗakin malamai. Litinin ana fama da rajista da masu biyan kuɗi, Juma'a kuma rana ce gajeriya saboda masallaci. A watannin Yuni da Yuli, lokacin da ruwan sama ke tare hanyoyi da safe, a mayar da zaman lokacin tara.

Maganar harshe ba ƙarama ba ce. A makarantunmu akwai malamai Hausawa da Yarabawa da Inyamurai, kuma tun da jihar Legas ta yi dokar 2018 da ta wajabta koyar da Yarabanci a makarantu, da wuya ka sami makaranta mai bin ƙa'ida da ba ta da malamin da ba Bahaushe ba. A yi zaman da harshen da kowa ke ji, ko Turanci ko buroka, sannan a sa mutum ɗaya ya riƙa fassara wa malamin Islamiyyar da bai iya ba.

Gargaɗi: da zarar mutum biyu sun karkata sun ci gaba da Hausa ko Yarabanci suna dariya a tsakiyar zama, wanda bai ji ba zai ɗauka da shi ake. Shugaba ya tsayar da hakan tun a ranar farko, cikin raha amma ba da wasa ba.

4. A fitar da sunayen yaran da za a fara da su

A mako na huɗu na zango, bayan gwajin farko, kowane malamin aji ya duba rajistarsa da makin yaransa ya fitar da suna bisa alamomi uku: yaron da ya yi fashi kwana uku ko fiye cikin mako biyu, yaron da makinsa ya faɗi ƙasa da rabi a Turanci ko Lissafi, da yaron da halinsa ya canza farat ɗaya, mai surutu ya yi shiru ko mai haƙuri ya fara faɗa. Na zaɓi Turanci da Lissafi ne saboda su ne ƙofa: ɗalibin da ya kai jarrabawar WAEC ko NECO bai sami kiredit biyar da suka haɗa da waɗannan biyu ba, hanyar yawancin kwasa-kwasan jami'a ta toshe masa ko da ya ci JAMB, kuma raunin da ke kayar da shi a can yawanci tun daga firamare ya faro. Masu ƙaramar sakandare su sa ido musamman a kan 'yan aji uku masu shirin jarrabawar BECE ta kammala ƙaramar sakandare.

Duk yawan sunayen da aka kawo, kada a ɗauki fiye da yara shida a zama ɗaya. Dambu idan ya yi yawa ba ya jin mai. Sauran su jira mako na gaba, a fara da waɗanda fashinsu ya fi yawa, domin yaron da ba ya zuwa babu wani darasi da zai same shi.

Gargaɗi: kada a kafa waɗannan sunaye a allon sanarwa, kada a karanta su a taron safe, kada a tura su zauren WhatsApp na malamai. Takarda ce ta ofis, a fayil take kwana.

5. Yadda ake tafiyar da zaman

Nan ne aikin yake, kuma nan aka fi ɓata shi. Kowane yaro yana da minti biyar, a kasa su kamar haka. Malamin aji ya fara faɗin abin da ya gani, da rana da adadi: "Ta yi fashi ranar Litinin da Talata, ta ci 6 cikin 20 a Lissafi, tana barci bayan tara." Ba a karɓar "yarinyar nan malalaciya ce" ko "daƙiƙi ne", domin waɗannan hukunci ne, kuma babu abin da za a iya yi da su. Bayan haka shugaba ya tambayi sauran ko akwai wanda ya ga wani abu daban, kuma dole ne a sami wanda zai faɗi abu ɗaya da yaron ya iya. Wannan tambaya ita ce ke juya zuciyar malamai, na gwada na gani. Daga nan a yanke ƙaramin aiki, a rubuta wanda zai yi shi da ranar da zai kawo bayani.

Bari in nuna yadda yake a zahiri. Wata rana an kawo sunan wata yarinya 'yar aji biyar. Malamar ajinta, Bayarabiya ce mai ƙwazo, ta gaji da ita, ta ce yarinyar ba ta riƙe komai a ka, ko jadawalin sau bakwai ta kasa. Malamin Islamiyya, wanda tun da aka fara zaman bai ce uffan ba, ya ɗago ya tambaya a sake faɗa masa sunan. Da aka faɗa sai ya ce, "Anti, wannan ai ita ce ke ja wa 'yan ajinta baƙi idan na fita, izu biyar gare ta a ka." Ɗakin ya yi tsit. Malamar ta ajiye bironta ta ce, "Malam, to yaya kake yi da ita?" Ya ce da yamma take zuwa masa bayan ta ci abinci, kuma ba ya ba ta sabon karatu sai ta maimaita na jiya da babbar murya. Da aka tambayi Baba maigadi, ya ce kullum sai ta raka mahaifiyarta kasuwa da asuba ta taya ta shimfiɗa kaya kafin ta zo. Aikin da aka yanke a ranar ƙarami ne: a dawo da ita bencin gaba, a riƙa ba ta jadawalin tana rerawa kamar yadda take yin hadda, sannan wata malama ta je ta ga mahaifiyar. Tun daga ranar malamar ajin ba ta sake wuce malamin Islamiyyar ba tare da ta tsaya sun gaisa ba, alhali sun shekara biyu a makaranta ɗaya ba su taɓa yin maganar minti ɗaya ba.

Gargaɗi: zaman nan ba wurin maganar albashi ba ne, ba kuma wurin sanarwar ofis ba. Idan shugaba ya ci minti 15 yana faɗan waɗanda ba su miƙa shirin darasi ba, malamai za su gane cewa tsohon taro ne aka sake wa suna. A ware wa waɗancan maganganu lokacinsu daban. Haka kuma shugaba ya zama na ƙarshe wajen faɗin ra'ayi, domin idan ya fara, sabon malami ba zai iya saɓa masa ba.

6. Kowane yaro ya sami mutum ɗaya

Aikin da aka ce na kowa ne, ba na kowa ba ne. A kan takardar kowane yaro a rubuta sunan babba ɗaya da zai riƙa nemansa kullum, ko da na minti biyu ne, ya tambaye shi ya gida, ya duba littafinsa. Ba lallai ya zama malamin ajinsa ba. Wani lokaci ma ya fi kyau ya zama wanda ba ya ba shi maki. Kada a ɗora wa mutum ɗaya fiye da yara uku, kuma a lura da malamin nan mai kirki da ba ya iya cewa a'a, wanda kowa ke tura wa kaya har ya gaji ya ajiye aiki.

Gargaɗi: ganawa da yaro a fili ake yin ta, a baranda ko a aji ƙofa buɗe. 'Yan mata da suka fara girma a ba su malamai mata. Idan a cikin hira yaro ya faɗi abin da ke nuna ana cin zarafinsa a gida ko a hanya, maganar ta wuce zaman malamai: a kai wa shugaba a ranar, shi kuma ya sanar da hukuma, domin jihar Legas tana da dokar kare haƙƙin yara tun 2007 da kuma hukumar DSVA ta yaƙi da cin zarafi a gida da na lalata, mai karɓar irin waɗannan ƙorafe-ƙorafe. A kuma tuna cewa jihar ta hana dukan ɗalibai a makarantu, don haka bulala ba ta cikin ayyukan da za a rubuta a littafin.

7. Malamai su shiga ajin juna

Bayan an yi zama huɗu ko biyar, mutane sun fara sakin jiki, sai a haɗa malamai biyu-biyu, kowa ya zauna a bayan ajin ɗan'uwansa darasi ɗaya a wata. Wanda ya je kallo ba ya ɗaukar takardar maki, ba ya kai rahoto ofis. Bayan darasi ya faɗi abu ɗaya da zai ɗauka ya yi amfani da shi a ajinsa, sannan ya yi tambaya ɗaya. A haɗa tsohon hannu da sabo, a haɗa na boko da na Islamiyya. Malaman allo da na Islamiyya sun ƙware wajen maimaitawa da sa yaro ya koyar da ɗan'uwansa, malaman boko kuma sun ƙware wajen tsara darasi da auna fahimta, kuma abin takaici ne a ce suna gini ɗaya kowa yana ganin ɗayan bai san aiki ba. Shugaba ya fara buɗe nasa ajin, ya bari ƙaramin malami ya zauna a baya ya kalle shi.

Gargaɗi: idan aka taɓa amfani da abin da aka gani a irin wannan ziyara wajen rage wa wani albashi ko sallamarsa, ba wanda zai sake buɗe ƙofarsa.

8. A yi wa iyaye magana da baki ɗaya

Yawancin iyayen yaranmu 'yan kasuwa ne, masu fita tun duhun asuba, wasu ma mahaifin yana kan hanya tsakanin Arewa da Legas da motar kaya. Wasiƙar Turanci da aka sa a jakar yaro ba za ta isa ba. A zaman ne za a yanke wanda zai kira, kuma mutum ɗaya ne zai kira, wanda ke jin harshen gidan, da wayar makaranta. Saƙon murya ya fi rubutu shiga. A fara da gaisuwa da abin kirkin da yaron ya yi, sannan a kawo matsalar, sannan a roƙi abu ɗaya da iyayen za su iya: "Hajiya, muna roƙon a sallame ta daga kasuwa ƙarfe bakwai," ko "Alhaji, a karɓe wayar da dare." Lokacin kira ya zama bayan la'asar, sa'ad da kasuwa ta lafa.

Gargaɗi: kada kiran ya haɗu da maganar bashin kuɗin makaranta. Idan uba ya ji an fara da karatun ɗansa an ƙare da kuɗi, gobe ba zai ɗaga wayar ba. Haka nan malami kada ya kuskura ya ce wa iyaye laifin malamin bara ne, domin maganar za ta dawo ɗakin malamai kafin mako ya ƙare.

9. A kashe saɓani tun yana ƙarami

Saɓanin da na fi gani iri uku ne: cin lokacin darasin wani, rububin yaran lesin bayan tashi, da gulma. Na farko agogo da ƙararrawa ne maganinsa. Na biyu sai makaranta ta fito da ƙa'ida a rubuce a kan wanda zai yi lesin da yadda za a raba kuɗinsa, in ba haka ba malami zai riƙa ɓoye raunin yaro don ya mai da shi abokin ciniki. Na uku kuwa, shugaba ya ɗauki ɗabi'a ɗaya: duk wanda ya kawo ƙarar abokin aikinsa, a tambaye shi ko ya yi masa magana, idan bai yi ba a kira su biyun a rufe ƙofa a ranar. Na taɓa yin sakaci da wannan a wata makaranta da na yi aiki, na riƙa sauraron wani malami yana kawo mini labarin sauran ina ganin amfanina ne, har sai da malamai biyu mafi ƙwazo suka ajiye aiki a zango ɗaya. Gyara kuma a keɓe ake yin sa, ba a gaban yara ba, yabo ne ake yi a bainar jama'a, kuma a faɗi ainihin abin da mutum ya yi, kamar "Malam ya raka yaron nan gida ranar Alhamis."

10. A auna a ƙarshen zango

Mako ɗaya kafin a raba sakamako, a fito da takardun yaran duka a baje a kan tebur. Ga kowane yaro a kwatanta kwanakin fashinsa na farkon zango da na ƙarshe, da makin gwajin farko da na jarrabawa, sannan a duba littafin a ƙirga ayyukan da aka yanke da waɗanda aka cika. Idan an yanke ayyuka 40 aka cika 15, matsalar tana wajen manya, a rage yawan yara a zango mai zuwa har sai abin da ake rubutawa ya yi daidai da abin da ake iya yi. Yaron da ya farfaɗo a rufe takardarsa, a gaya masa da iyayensa. Wanda bai motsa ba bayan zango biyu, a shawarci iyayensa su kai shi asibiti a duba idonsa da kunnensa, domin yaron da ba ya ganin allo sosai yakan yi shekaru ana kiransa daƙiƙi.

Gargaɗi: malamai suna yawan sauya wurin aiki a Legas, musamman a hutun ƙarshen shekara tsakanin Yuli da Satumba. Duk malamin da zai tafi, kafin a ba shi albashinsa na ƙarshe ya zauna da wanda zai gaje shi na minti 20, su bi takardun yaransa ɗaya bayan ɗaya, sannan su biyun su sa hannu a littafin. Idan ba a sami magaji ba tukuna, mataimakin shugaba ya karɓi takardun ya riƙe yaran har sabon malami ya iso.